Shirin shiga jami'a yana farawa tun daga aji huɗu

Kowace shekara, sa'ad da sakamakon jarrabawa ya fito, mukan ji labari iri ɗaya daga ƙauyuka dabam dabam. Yarinya ta gama sakandare, ta ci darussa bakwai da kyau, babanta ya sayar da masara buhu biyu domin kuɗin rajista da na mota. Tana so ta zama nas. Sai da aka je cika takarda aka gaya mata cewa ba ta da Fiziks, kuma jami'a ba ta ɗaukar mai neman karatun nas ba tare da shi ba. Yarinyar ba faɗuwa ta yi ba. Ba ta taɓa zama a ajin Fiziks ba ne, gama makarantarsu ba ta da malamin, aka ce wa 'yan ajinsu su ɗauki Aikin Gona a madadinsa. An yanke wannan shawara shekara uku da suka wuce, a makon da ta shiga aji huɗu. Ba wanda ya tambaye ta abin da take so ta zama, ba wanda kuma ya gaya wa iyayenta.

Yaran birni suna da yayye da maƙwabta waɗanda suka riga suka bi hanyar, suna nuna musu inda ramuka suke. A ƙauyukanmu kuwa, sau da yawa yaron da ke aji huɗu shi ne na fari a gidansu da ya kai can. Domin haka muke so mu bayyana yadda ake ba da gurbin karatu a Nijeriya, da abin da ɗalibi zai shirya a shekaru ukun ƙarshe na sakandare, wato SS1 zuwa SS3, waɗanda muka fi sani da aji huɗu, aji biyar da aji shida. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayen da ba su iya ba, gama da yawa daga cikin aikin nasu ne.

Ƙofofin da yaro zai bi

Ƙofa ta fari ita ce jarrabawar gama sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana shirya tata. NECO, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1999, ita ma tana shirya tata, makarantun koyon sana'a kuma suna da NABTEB. Ɗalibi yakan rubuta darussa takwas ko tara. Sakamakon yana tafiya daga A1 zuwa F9, amma A1, B2, B3, C4, C5 da C6 ne kaɗai ake kira kiredit. D7 da E8 sun nuna yaro bai faɗi ba, duk da haka ba a ƙirga su cikin kiredit. Mun sha ganin iyaye suna murna da takarda mai cike da D7 domin babu F9 ko ɗaya a ciki.

Abin da jami'a take nema shi ne kiredit biyar, har da Turanci, a darussan da suka dace da fannin da yaron yake so, kuma a zama ɗaya ko biyu. Zama biyu yana nufin ana iya haɗa takarda biyu, alal misali ta WAEC da ta NECO, a cike giɓin ɗaya da ɗayar. Jami'o'i da yawa ba sa yarda da wannan ga mai neman aikin likita, sai zama ɗaya. A watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa masu neman fannonin adabi ba dole su sami kiredit a Lissafi ba kafin a ba su gurbi, ko da yake kowa zai ci gaba da rubuta shi. Shawararmu ita ce kada yaro ya yi wasa da Lissafi saboda wannan sanarwa. Mai shekara goma sha biyar yakan sake ra'ayi, kuma fannoni masu yawa suna rufe ga wanda ba shi da wannan kiredit.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar da kowa yake kira JAMB, da sunan hukumar da take shirya ta tun 1978. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole, da wasu uku. Jimlar maki 400 ne. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka rubuta, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma ga kwalejojin ilimi da foliteknik. Kada wannan adadi ya ruɗe mu. Shi 150 yana ba yaro damar tsayawa a layi ne kawai. A fannonin da ake rububinsu, kamar likita, lauya, nas da haɗa magunguna, waɗanda ake ɗauka sun wuce haka da nisa. Mu sani kuma takardar WAEC ko NECO ba ta tsufa, amma makin JAMB na shekara ɗaya ne.

Ƙofa ta uku ta jami'ar ce da kanta. Wasu sukan yi tasu jarrabawa, wasu kuma sukan haɗa makin JAMB da ƙarfin sakamakon sakandare su fitar da jimla. A irin wannan lissafi mai B2 yana gaban mai C6, ko da yake dukansu kiredit ne.

A fara daga ƙarshe

Manomi ba ya sayen iri sai ya san abin da yake so ya girba. Haka zaɓen darussa yake. A tambayi yaro aikin da yake so, a duba abin da aikin yake bukata, sa'an nan a zaɓi darussan aji huɗu. JAMB tana da kundi wanda ya jera kowane fanni, da jami'o'in da suke koyar da shi, da kiredit ɗin da kowacce take nema. Yana kan intanet kyauta. Awa ɗaya da wannan kundi kafin a shiga aji huɗu tana iya ceton shekara biyu.

Mai son likita, nas, haɗa magunguna ko likitan dabbobi yana bukatar Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, su ne kuma ukun da zai rubuta a JAMB. Mai son injiniya zai rubuta Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Idan makarantarsu tana koyar da Lissafi mai zurfi, wanda ake kira Further Maths, ya ɗauka ko da jami'ar da yake so ba ta tilasta ba, gama abin da ke ciki shi zai tarar a shekararsa ta fari. Mai son akanta ko harkar banki yana bukatar Lissafi da Tattalin Arziki. Mai son lauya yana bukatar Adabin Turanci. A nan yaranmu da yawa suke tuntuɓe, domin suna tsammani Turanci da Adabin Turanci abu ɗaya ne, alhali darussa biyu ne dabam, kowanne da takardarsa.

Akwai wani kuskure da ya fi shafarmu mu manoma. Yaro ya tashi a gona, ya ci A1 a Aikin Gona, yana ganin karatun noma a jami'a nasa ne. Amma tsangayar aikin gona tana neman Kemistiri, domin karatun ƙasa, taki, maganin ƙwari da abincin dabbobi duk a kansa suke tsaye.

Darussa biyu kuma sukan yaudari yaranmu saboda suna kama da masu sauƙi. Na fari Hausa. Iya ciniki da ita a kasuwa bai isa ba, gama jarrabawar tana tambayar nahawu, ƙa'idojin rubutu, al'adu da littattafan da aka zaɓa. Na biyu Ilimin Addinin Kirista, wato CRS. Yaron da ya girma a makarantar Lahadi ya san labaran, amma ya san su da Hausa ko da yarensu, tambayoyin kuwa da Turanci suke zuwa. Wanda bai san cewa Irmiya shi ne Jeremiah, Iliya shi ne Elijah, Ayyukan Manzanni kuma Acts of the Apostles ba, zai rasa makin abin da ya sani sarai. Sai ya riƙa karanta wuraren da ke cikin manhaja da harsunan biyu.

A watan Satumba 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsarin darussan firamare da sakandare. An rage yawan darussa, an kuma sa kowane ɗalibi ya ɗauki sana'a ɗaya daga cikin shida, irin su kiwon dabbobi, ɗinki, haɗa wutar sola da gyaran waya. Tun da yake tsarin ya sake, kada mu dogara ga abin da yayan yaron ya yi a zamaninsa. Uba ko uwa su je wurin shugaban makaranta a makon farko na aji huɗu da tambaya uku. Waɗanne darussa za a yi wa yarona rajistarsu a aji shida? Wa yake koyar da kowannensu yanzu? Akwai ɗakin gwaje-gwaje mai kaya a ciki? Ba rashin kunya ba ne. Shugaban makaranta na kirki yakan ji daɗin iyayen da suka damu.

Idan makarantar ba ta da malami

Idan amsar ta nuna babu malamin Fiziks ko na Kemistiri, yaron kuwa kimiyya yake so, gara a sake masa makaranta tun yana aji huɗu. Makaranta tana tara makin gwaje-gwajen ɗalibi na kowane zango ta aika wa hukumar jarrabawa, saboda haka sauya makaranta a aji shida yana da wuya, kuma ba a koyon Fiziks na shekara uku cikin wata shida. Mun san ba kowane gida ne zai iya ba. Akwai kuɗin makaranta, akwai wurin kwana, akwai tsoron aika yarinya gidan da ba a sani ba.

Wanda ya zauna a inda yake, ko wanda ya riga ya gama da giɓi a takardarsa, yana da hanya. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutane suke kira GCE, sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara, ɗaya wajen ƙarshenta. NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara. A nan mutum shi yake zaɓen darussansa, kuma a maimakon gwaji da hannu a ɗakin gwaje-gwaje, a rubuce ake amsa tambayoyin gwajin. Yarinyar da muka fara da labarinta za ta iya samun Fiziks ta wannan hanya ta haɗa da takardarta ta fari, muddin makarantar da take nema tana karɓar zama biyu. Sai dai dole ta koya wa kanta, ko ta sami mai koya mata.

Karatun da ɗalibi zai yi wa kansa

Ko a makaranta mai malamai, da wuya a gama manhaja. Yajin aiki, hutun dole saboda tashin hankali, malamin da aka yi wa canji ba a kawo wani ba, duk suna cin lokaci. Masu shirya tambayoyi kuwa ba ruwansu da inda malamin ƙauye ya tsaya. Saboda haka ɗalibin da yake so ya wuce sai ya riƙe lissafin karatunsa da kansa.

Abu na fari shi ne ya sami manhaja, wato jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu. Ta JAMB tana kan intanet kyauta. Mutum ɗaya ya buga ta a gari, sauran su kwafa. Ɗalibi ya bi ta da fensir yana sa alama iri uku: abin da aka koyar ya gane, abin da aka koyar bai gane ba, da abin da ba a taɓa koyarwa ba. A ƙarshen kowane zango ya sake dubawa. Kashi na biyu na tambayar malami ne kafin a tafi hutu. Kashi na uku shi ne aikin hutun.

Game da lokaci, mu yi ɗan lissafi. Awa ɗaya a rana, kwana shida a mako, mako hamsin a shekara, ya zama awa 300. A shekara uku awa 900 ke nan. Yaron da ya bari sai saura wata uku, ko ya kwana yana karatu da ƙafa cikin ruwan sanyi, ba zai kai wannan ba, abin da ya cusa kuma ba zai zauna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake amfani da awar ma yana da muhimmanci. Yara da yawa sukan buɗe littafi su bi shi da ido har sau uku, su ce sun yi karatu. Ido ya saba da shafin ne kawai. Hanyar da ta fi ita ce a karanta sashe ɗaya, a rufe littafin, a rubuta ko a faɗi abin da aka tuna, sa'an nan a buɗe a ga abin da aka manta. Washegari a sake gwadawa ba tare da dubawa ba, bayan mako guda a sake, bayan wata guda a sake. Yana da gajiya fiye da bin shafi da ido, amma shi ne yake zama a kai. Lissafi, Fiziks da lissafin Kemistiri kuwa da hannu ake koyonsu. A rufe amsar misalin da ke cikin littafi da takarda, a yi aikin, a gwada. Ɗalibi ya ware littafin rubutu ɗaya domin kurakuransa kaɗai, ya rubuta tambayar da ta kā da shi da dalilin da ya sa. Kafin jarrabawa wannan littafi zai fi masa kowane littafin kasuwa amfani.

Tambayoyin shekarun baya suna da kyau idan an san yadda ake amfani da su. A aji biyar a riƙa yin su bisa ga batu, wato idan an gama wani batu a nemo tambayoyinsa. A aji shida a yi su da agogo. JAMB tana ba da tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya san amsa amma bai saba da sauri ba, lokaci zai ƙare masa. A lura kuma, littattafan tambayoyin da ake sayarwa a kasuwa wani lokaci amsoshinsu ba daidai ba ne. Idan amsa ta saɓa wa littafin darasi, a kai wa malami. WAEC kuma tana sa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet, inda suke bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowace tambaya. Kaɗan ne daga cikin yaranmu suka san da shi.

Turanci shi ne ya fi ba yaranmu wahala, kuma da shi ake tambayar kusan kowane darasi. Ba ya shiga da haddar ƙa'idoji kaɗai. Ɗalibi ya karanta wani abu da Turanci kowace rana, ko tsohuwar jarida ce, ya saurari labarai da Turanci a rediyo, ya rubuta wasiƙa ko insha'i ɗaya kowane mako ya ba wani ya gyara. JAMB takan zaɓi littafin labari ɗaya ta yi tambayoyi a kansa, kuma takan sake shi bayan 'yan shekaru. A 2025 The Lekki Headmaster ne. A tabbatar da na shekarar da za a rubuta, kada a dogara ga wanda yaya ya bari a akwati.

Karatu cikin ƙungiya yana taimako idan ƙungiyar ƙarama ce, mutum uku zuwa biyar. Kowa ya ɗauki batu ya koya wa sauran. Wanda ya iya bayyana yadda jini yake zagaya jiki da Hausa ko da yarensu har ƙaninsa ya gane, ya fahimta ke nan, saura ya rubuta da Turanci. Masu taimako kuma suna kusa fiye da yadda muke zato. Akwai malamin da ya yi ritaya, akwai ma'aikaciyar asibitin ƙauye wadda ta yi Bayoloji da Kemistiri, akwai masu bautar ƙasa, akwai 'ya'yanmu na manyan makarantu da suke dawowa hutu. Sau da yawa ba wanda ya taɓa roƙonsu ne. Abin da littafi ba zai koyar ba shi ne riƙe kayan gwaji. Idan akwai makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje a garin da ke kusa, dattawa su nemi izini a kai yara ko sau biyu ne a zango.

Abin da gida da ikkilisiya za su yi

Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya ba 'yarta abin da malami ba zai iya ba, wato lokaci. A gidaje da yawa yaro namiji yana dawowa makaranta ya ci abinci ya ɗauki littafi, 'yar'uwarsa kuwa ta tafi rafi, ta je niƙa, ta hura wuta, ta goyi ƙani. Sa'ad da ta zauna, barci ne yake ɗauke ta. Ranar sakamako sai a ce ba ta da kai. A raba aikin gida, a ware wa kowane ɗalibi awarsa wadda ba a aikensa a cikinta.

Mu duba kalanda kuma. Rajistar JAMB takan kama daga wajen Janairu zuwa Maris, a rubuta wajen Afrilu ko Mayu. WAEC tana biye a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli. Wannan shi ne lokacin sharar gona, shuka da noman fari, kuma lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Gidan da ke da ɗan aji shida ya shirya tun da kaka. A ware buhun jarrabawa ranar da aka ware na iri, a kuma san wanda zai riƙe fartanyar yaron a waɗannan watanni. A 2025 rajistar JAMB Naira 7,200 ce, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, ban da kuɗin mota da na kwana idan cibiyar tana nesa. Zumuntar mata a wurare da yawa ta saba da adashe, ana iya yin na jarrabawa.

A ƙauyuka da dama majami'a ce kaɗai take da benci, allo da wutar sola. Buɗe ɗaki ɗaya awa biyu da yamma, da babban mutum ɗaya yana lura, ba zai ci kuɗi ba. A buɗe shi ga dukan yaran gari. Inda fita da dare yake da hatsari, a yi da sassafe ko da la'asar. Akwati ɗaya na littattafan darasi, wanda 'yan aji shida za su riƙa bari idan sun gama, zai hana kowane gida sayen nasa.

Kwamfuta, suna da lambar waya

Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, WAEC ma ta fara amfani da ita ga masu zaman kansu a 2024. Ba a bukatar gwaninta. Ana iya amsawa da haruffa A, B, C da D, a ci gaba da N, a koma baya da P. Amma yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, tsoro zai cinye masa mintuna masu tsada. A kai shi ya gwada ko sau uku ne, idan da hali kuma ya rubuta jarrabawar gwajin da JAMB take shiryawa.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma daga can hukumar take ɗauko suna da ranar haihuwa. A nan muna da matsala ta musamman. Yaro ɗaya yana da sunan yare a gida, sunan baftisma a majami'a, Bulus a firamare, Paul a sakandare, wani wuri da sunan uba, wani wuri da na kaka. Ranar haihuwa ma wani lokaci malami ne ya ƙiyasta. Idan takardar WAEC da NIN suka saɓa, gyaran yana cin kuɗi da watanni. A zauna tun aji huɗu a tsayar da suna ɗaya, da rubutu ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, a yi NIN da su, a kai wa makaranta. A 2025 an tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta, saboda haka tsallakar da yaro aji ba shi da riba. Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na ɗalibin ko na gidansu, a kiyaye shi kada ya mutu. Kada a bar mai shagon kwamfuta ya sa nasa, kada kuma a bar masa lambar sirri.

Wajen zaɓen jami'a, jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa ga maki zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin arewa suke ciki. Ɗan Filato da ya zaɓi Jami'ar Jos, ko ɗan Kaduna da ya zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana da dama fiye da idan ya zaɓi wata mai nisa. Zai bukaci takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, gara a karɓo ta da wuri.

Karatu mai zurfi bayan aji shida

Wanda yake da kiredit ɗinsa amma makin JAMB bai kai ba, ba dole ya zauna gida yana jiran baɗi ba. Akwai IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take lura da shi, da JUPEB, wanda ya fara a 2014 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. A kowannensu ɗalibi yana ɗaukar darussa uku ya yi su da zurfi na kusan shekara guda. Idan ya ci da kyau sai ya sayi takardar shiga kai tsaye daga JAMB, ya fara jami'a daga aji biyu. Karatun ya fi na sakandare nauyi ƙwarai, kuɗinsa ma haka, kuma ba kowace jami'a ce take karɓar kowannensu ba. A tambayi jami'ar da ake so tukuna, a kuma yi shi a makarantar da aka sani, irin makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, gama akwai cibiyoyin bogi. Takardar NCE ta shekara uku da difloma ta shekara biyu su ma suna kai mutum jami'a ta wannan ƙofa, kuma yana riƙe da takardar neman aiki tun kafin ya kai.

Akwai wata hanya da za a yi wa iyaye tallarta, wato makarantar da ake biyan kuɗi mai yawa a rubuta wa yara amsa a allo. Dokar 1999 ta sa satar jarrabawa laifi ne, hukumomin kuma sukan riƙe ko su soke sakamakon cibiya gaba ɗaya, har da na yaran da ba su yi kome ba. Wanda ya tsira da A1 na saye kuma zai zauna shi kaɗai gaban kwamfutar JAMB.

Idan gurbi ya fito

Tun 2017 kowane gurbi yana bi ta wani shafin JAMB da ake kira CAPS. A can ɗalibi zai ga an ba shi, a can kuma zai danna cewa ya karɓa. Kafin haka dole a ɗora sakamakon sakandare a shafin, musamman ga wanda ya yi rajista tun sakamakonsa bai fito ba. Akwai yaran da suka rasa gurbi domin suna gona, ba wanda ya duba. Gurbin da wani ya ce zai samo ta bayan gida, wanda bai fito a CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma zai iya hana mutum zuwa bautar ƙasa bayan ya gama. Lambar JAMB, da NIN, da lambar banki ta BVN su ne kuma ake nema wajen rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa hannu kan dokarsa a watan Afrilu 2024. Rancen ba shi da ruwa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Daga ranar da makin JAMB ya fito, a sa mutum ɗaya mai waya ya riƙa duba wa dukan yaran ƙauyen shafinsu sau ɗaya a mako, har ranar da aka rufe ba da gurbi.